Shekarar Gwajin Zuciyar Innarku

Na so in tsallake wannan shekarar in wuce zuwa lokacin da na bar noman alkama, amma duk sanda kuka taru a tsakar gida aka taɓo ta sai in ji kowa da irin nasa labarin. Masu goyon bayan Yayarku Rakiya suna cewa Yayanku Usman ya yi sakaci da ciwon Innarku. Masu goyon bayansa suna cewa Rakiya ce ta hura abin don a ce ta fi kowa son uwa. Yawancinku kuna makaranta a lokacin, ji kuka yi a bakin mutane. Ni kuwa ina tsakiyar abin, kuma wallahi kaina ya fi na kowa ɗaurewa. Abin da na kusa rasawa a shekarar shi ne zumuncin manyan 'ya'yana biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda suka kai ga ko gaisawa ba sa yi. Zan faɗa yadda na gani, wanda ya ji haushi ya same ni a zaure.

Innarku, Allah ya jiƙanta, Bafulatana ce ta wajen Kafin Hausa. Iyayenta sun zauna gari tun kafin a haife ta, shanu sun ragu amma halin yana nan daram. Usman ne ɗan farinta, don haka ana yaye shi aka kai shi wajen Goggona a Auyo, can ya girma. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Da yana yaro "na Goggo" take ce masa, da ya samu aikin koyarwa a birni ya koma "na Kano". In ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, takan amsa gaisuwa tana kallon tukunya, alhali tun jiya ta sa an kama masa zakara. Ni ma ina da tawa kunyar ta ɗan fari, amma tawa ta mutumin gari ce, ba ta hana ni yi masa faɗa. Rakiya ce ke bi masa. Tana aure a unguwar da ke bayanmu nan Haɗeja, kullum tana gidan nan suna turara shinkafa ita da Innarku, suna hira kamar ƙawaye.

Bayan girbi ne jiri ya ɗebi Innarku a gaban murhu. Muka sa ta a Keke muka kai asibitin gari, aka ce jininta ya hau. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, inji ya zana wasu layuka, likitan ya duba ya ce hankalinsa bai kwanta ba, a kai ta Kano wajen likitan zuciya. Lokacin ina fama da ban-ruwan alkama, in na ɗaga ƙafa gonar ta tafi, Rakiya kuma tana da ɗanyen goyo. Usman ya zo ya ɗauke ta shi kaɗai. A can aka yi mata wani hoto da ake zuba ruwan allura a hannu, a tura mutum cikin inji. Likitan mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba, saboda haka Usman ne ya yi tafinta tsakaninsa da ita. Da ya dawo da ita ya same ni a zaure, fuskarsa a sake.

"Baba, an gode Allah, abin bai yi tsanani ba. Jijiya ɗaya ce cikin masu kai wa zuciya jini ta ɗan tsuke, kitse ya taru a cikinta kaɗan."

"To yaushe za a buɗe ta?"

"Ba za a buɗe ba."

"Ta toshe, kuma ba za a buɗe ba?"

"Ba ta toshe ba, Baba, farawa ta yi. Magani za ta riƙa sha, ta rage gishiri da man shanu, a riƙa auna jininta. Likita ya tambaye ta ko ƙirjinta na ciwo, ko numfashi na yanke mata in tana aiki, ta ce babu. Ya ce tunda babu, ƙarin gwaji ba zai ƙara komai ba."

Na ce to, amma ban gane ba. Ni manomin fadama ne. In ciyawar kacala ta fara cin hanyar ruwa, ba a zama a kalle ta, gayya ake kira a shiga da adda tun tana ƙarama. Ga wanda ya yi karatun likita yana cewa an ga toshewa da ido, amma a koma gida a sha ƙwaya. Na tambayi Usman yadda za a san ko ta ƙaru in ba a sake dubawa ba, ya ce jikinta ne zai faɗa. Na bar maganar a nan, don na ga ya gaji kuma yana da hanya a gabansa.

Washegari Rakiya ta zo da mijinta duba jiki, Usman bai riga ya tafi ba. Ya maimaita musu abin da ya gaya min. Yana kaiwa wajen da Innarku ta ce ba ta jin ciwo, Rakiya ta ajiye jaririnta a tabarma.

"Wace Innar ce ta ce babu? Matar da in ta ɗauko daro daga murhu zuwa wajen shanya sai ta tsaya a hanya ta dafe ƙirji? Da bakinta ta gaya min yana danne ta."

"Ni na tsaya a gaban likita, Rakiya. Ni na tambaye ta, da kunnena na ji amsar."

"To ka mayar da ita. Akwai wanda ake zura siririyar roba ta jijiyar hannu har zuciya a gani sosai, shi aka yi wa yayan Maigidana. Shi za a yi mata."

"Wannan ba wasa ba ne, yana da haɗarinsa. Ba zan bari a huda tsohuwa don ke kin ji labari a gidan suna ba."

Daga nan baki ya kuɓuce musu. Rakiya ta ce masa ai ba Inna ce ta goye shi ba, shi ya sa ba ya jin ta a ransa. Shi kuma, a gaban mijinta, ya ce mata maƙaryaciya. Na daka musu tsawa, amma maganar ta riga ta fita. Ya shiga motarsa ko ruwa bai sha ba, ita ta saɓa ɗanta ta fice tana kuka. Duk wannan Innarku tana ɗaki, ƙofa a buɗe, ko tari ba ta yi ba. Da gida ya yi shiru na shiga na same ta tana tsince tsakuwa a faifan shinkafa.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, ƙirjin nan yana ciwo ko ba ya yi?"

"Da sauƙi, Malam."

"Na ji da sauƙi. Wa zan gaskata cikin yaran nan?"

"Duk naka ne. Tuwonka yana hucewa."

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma na sake gwadawa ba sau ɗaya ba. Na sa mata ido, sai ta daina ɗaukar daro in ina gida. Na tambayi Rakiya, ta rantse da Allah. Na kira Usman a waya, shi ma ya rantse. Ban san ɗayansu da ƙarya ba tun suna yara, ga shi dole a zatona ɗaya yana yi. Na shiga tambayar mutane, abin da ya ƙara dagula min kai. Mai kemis na bakin kasuwa ya ce a sake hoton allurar duk bayan 'yan watanni. Usman ya ce likita ya hana, wai ruwan allurar yana wahalar da ƙoda kuma hasken injin ba abin yawaitawa ba ne. Wani maƙwabcinmu da aka yi wa na robar ya ce shi ne kaɗai gwajin gaskiya, sauran duk ɓata lokaci. Wani a masallaci ya ce daga na robar aka fito da ƙaninsa hannu a kumbure. Na sa Usman ya sake tambayo min likitan irin gwaje-gwajen da ake da su, ya lissafo min a waya: akwai hoton da ake goga wani abu a ƙirji irin na masu ciki, akwai wanda ake sa mutum tafiya a kan inji ana kallon bugun zuciyarsa, ga na allura, ga na roba. Wani yana ganin jijiya amma bai san ko tana wahalar da mai ita ba, wani yana ganin wahalar amma ba ya ganin jijiyar. Na ajiye wayar na zauna ina kallon bango, ban san ko na ƙaru ko na ragu ba.

Ana cikin haka Sallah ta zo. Usman ya zo da iyalinsa, ya zaga dangi kaf, bai taka gidan Rakiya ba. Ita kuma ta aiko da tuwon Sallah ta ce a ba Baba da Inna, ba ta ambaci kowa ba, kuma ba ta zo ba sai da ta ji motarsa ta bar gari. Iyalansu suka fara ɗauka, ku ma kuka rabu gida biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, don na ga gidaje da irin wannan ta shiga har jikoki ba su san juna ba. Innarku ta rame a watannin nan, na kasa sanin zuciyar ce ko yaran. Na san dai ni ne maigida, in ban yanke ba babu mai yankewa, ga shi abin da zan yanke a kansa ban fahimce shi ba.

A ƙarshe na zaɓi na tafiya a kan inji, kuma ba don wani ilimi ba. Shi kaɗai ne na gane kansa. Na sha sayen bijimin huɗa a kasuwar shanu ta Kafin Hausa, kuma ban taɓa saye yana tsaye ba, sai an kora shi ya yi tafiya na ga yadda yake taku da yadda yake haki. Na ce in da ciwo, tafiya za ta fito da shi kowa ya gani, in babu a huta. Na kira su ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu. Usman ya ce babu buƙata, Rakiya ta ce bai isa ba. Na ce tunda duk kun ƙi shi, shi ɗin za a yi, kuma dukanku za ku je. Usman ya yi wa likitan bayanin cewa gida an rabu a kan maganar, likitan ya yarda ya sa mana rana. Muka tafi a mota ɗaya, yana tuƙi ina gefensa, Innarku da Rakiya a baya. Daga Haɗeja har Gujungu ni kaɗai nake ta yaba gonakin mutane kamar wani dillali.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, an raba shi biyu da labule. Wata nas, babbar mace Bahaushiya, ta ce mu zauna a benci ta wannan gefen, don sai an buɗe ƙirji an manna wayoyi. Usman ya ce shi ne tafinta, ta ce ya huta, ita ma tana da baki. Rakiya ta miƙe za ta bi su, nas ta ce wurin ba zai ɗauke su ba. Haka muka zauna, Usman a wannan ƙarshen, Rakiya a wancan, ni a tsakiya. Muna jin nas tana jan Innarku da hira tana manna wayoyin, tana tambayarta shinkafar Haɗeja, har ta sa ta dariya. Sai ta tambaye ta a hankali.

"Mama, a ina yake kama ki?"

"Nan tsakiya, 'yar nan. Nauyi ne yake danne ni, wani lokaci ya gangaro kafaɗa. In na ɗauki kaya, ko na hau ɗan tudun nan na hanyar gidan 'yata. In na tsaya sai ya sake ni."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a yanki shinkafa."

"Ikon Allah. To me ya sa wancan zuwan kika ce wa likita babu?"

"Wanda ya kawo ni ne yake tambayar."

"Wa ya kawo ki?"

"Na farin ne."

Nas ta ce ayya, ba ta ƙara tambaya ba, don ita ma 'yar gida ce. Ta juya ta mayar wa likita da Turanci. Ni ban ji Turancin ba, amma Usman yana ji, ke nan sau biyu maganar ta same shi. Sai a lokacin abin ya faɗo min. Watanni ina neman maƙaryaci tsakanin yarana, ban taɓa kawo wa raina cewa macen da ba ta iya kallon ɗanta ta amsa gaisuwa ba za ta iya buɗe baki ta yi masa bayanin ƙirjinta ba. Da ta ce babu a gabansa kuma, ba za ta dawo gida ta ƙaryata abin da ya faɗa wa mutane ba. Na saci kallon Rakiya, ina jiran ta ce ai ga shi nan. Ta leƙa ta gabana ta dubi yayanta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa tafin hannunsa yake kallo.

Aka kunna injin. Muna jin ƙararsa da takun ƙafarta, nas tana cewa sannu Mama, ƙara kaɗan. Ba a jima sosai ba Innarku ta ce gwiwoyinta sun gaza, ƙirjin ma ya fara, aka kashe. Da likitan ya fito ya yi bayani, nas ce ta mayar min, don Usman bai ɗago ba. Wai bai ga abin tayar da hankali ba, amma ba ta yi tafiyar da za ta isa a tabbatar ba. Tunda akwai ciwo zai ƙara mata magani, har da wata ƙwaya ta sawa ƙarƙashin harshe in ya taso. Na robar ba yanzu ba. Sai dai a dawo a yi wani, wanda za ta kwanta a yi mata allurar da ke sa zuciya gudu ana ɗaukar hotonta. Na ce wa nas ta tambaye shi, shin toshewar ta ƙaru ko tana nan yadda take? Ya ce wannan gwajin ba ya nuna haka. Na zaɓi gwaji don ya raba gardama, ya haifo min wani gwajin, kuma har yau in kuka tambaye ni ko na zaɓi daidai ban sani ba.

A waje, kafin matan su fito, Usman ya jingina da mota. Ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Baba, ashe ni ne na rufe mata baki."

Tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba tun ranar da aka ɗauke shi zuwa Auyo yana kuka. Ya bar aikinsa ya ɗauko uwarsa, ya tsaya mata a gaban likita yana ganin ranar amfaninsa ta zo, ashe da baƙo ne ya kawo ta da ta fi samun lafiya. Da suka fito ya buɗe wa Innarku ƙofa ta shiga, sannan ya tsayar da Rakiya. Ita ce maganarsa ta farko da ita tun ranar rigimar.

"Daga yau ke za ki riƙa shiga da ita."

"Ni ban iya Turanci ba, Yaya."

"Nas ta iya."

Bai ba ta haƙuri a kan kalmar da ya jefe ta da ita ba, ita ma ba ta janye maganar goyo ba, kuma ban ji sun taɓa komawa kansu ba har yau. Bayan mun dawo da kwana biyu na samu Innarku da la'asar tana juya shanya da ƙafa. Na tambaye ta ko ta san muna zaune a wurin muna jin duk abin da take faɗa wa nas. Ta ci gaba da juya shinkafarta.

"Malam, ai na ga labule ne. Ba gini ba ne."

Na tsaya ina jiran ƙari, ta ce in matsa ina tare mata rana. Ko da gangan ta yi don ya ji ta bakin wata, ko kuwa ganin mace 'yar'uwarta ne ya sa ta saki baki, ban sake tambaya ba, ita ma ba ta sake tayarwa ba. Ta yi shekaru masu dama bayan haka tana shan magungunanta tana satar man shanu, ba a taɓa kai ga na robar ba, kuma ba zuciyar ce ta yi ajalinta ba.

A duk shekarun nan Usman ne yake tahowa daga Kano ya ɗauke su, ya kai su, ya dawo da su, amma bai sake taka ɗakin likita ba. Na raka su ranar da aka koma gwajin kwanciyar. Muka zauna ni da shi a bencin baranda, mutumin da ya fi duk gidanmu karatu, yana kallon masu wucewa. Likitan ya gan shi ta ƙofa ya yafito shi da hannu, ya ɗaga masa hannu kawai ya ci gaba da zamansa. Da aka daɗe Rakiya ta fito ita kaɗai, Innarku tana ciki tana ɗaura zani. Usman ya miƙe wa ƙanwarsa tsaye. Na ɗauka sakamakon zai tambaya.

"Rakiya, me Inna ta ce?"

Ta zauna a inda ya tashi, ta jawo hannun rigarsa ya zauna kusa da ita, ta fara gaya masa tun daga farko.